Highlander ta 2006, ta 2012 ko ta 2015: wacce ta fi tashi a Hawan Kibo?

Malam Habibu, cikin ukun da ka jero kana tambayar wacce ta fi tashi idan an taka totur, ɗauki ta 2012 mai fulogi shida ka huta. Ita nake hawa shekara huɗu ke nan, kuma tsakanin Jos da Abuja babu ramin da ba mu gaisa da shi ba.

Bara muna dawowa daga ɗaurin aure a Abuja, mu bakwai a ciki, ga kayan gara da matan suka cusa a baya har ba na ganin komai ta madubi. Muka iso Hawan Kibo muka tarar da tirela ta siminti tana rarrafe, hayaƙi kamar an kunna bola, motoci sun yi jerin gwano a bayanta. Da na samu sarari na ga gabana fes, sai na danna totur har ƙasa. Giya ta sauko, injin ya yi gurnani sau ɗaya, kafin surukata ta kai ƙarshen salatin da ta fara mun koma hannunmu, tirelar na can baya. Esi a kunne fa, ban kashe ba. Tun daga ranar tsohuwar nan ba ta yarda ta shiga motar kowa in za a yi tafiya, sai dai ta ce a jira "mai numfashin nan".

Sirrin yana cikin injin. Daga 2008 Toyota ta sa wa Highlander V6, wato inji mai fulogi shida, mai lita 3.5, wanda makanikai ke kira 2GR, ƙarfin doki 270, da giya 5. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana cin daƙiƙa 7 zuwa 8. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan injin dai shi ne a cikin ta 2014, 2015 da 2016, dokin nan 270 bai ƙaru da ko ɗaya ba. An canza jiki, an ƙara tsawo, an ƙawata ciki, giya ta koma 6. Na tuƙa ta ƙanin matata, ta 2015, har Akwanga: ta fi tawa shiru da laushi, giyarta ta fi santsi, amma wajen tashi ban ji abin da zai sa in ƙara miliyoyi ba. In dai ƙarin ƙarfi kake nema na gaske, sai ka tsallaka 2017, inda aka kai doki 295 da giya 8, kuɗinta kuma wani zance ne daban.

Ta 2006 kuwa, to, mota ce, tana kai mutum gida. Mai V6 ɗinta lita 3.3 ce, doki 215, kuma da yake jikinta bai kai na 2012 nauyi ba, ba ta jin kunya a hanya. Sai dai bel ne ke juya injinta, dole ka riƙa tuna lokacin canza shi, alhali 2GR sarƙa ce. Ni mai fulogi huɗu na taɓa saya, lita 2.4 da giya 4, don an ce mini ba ta shan mai. Wata tara na sayar. Laifina ne, ni na ɗauki motar kai yara makaranta na ce sai ta yi mini aikin doguwar hanya.

Kada ka manta inda muke zaune. Jos ta haura mita 1,200 daga doron teku, iskarmu ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) kuma yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100 da aka hau. Wato doki 270 na takarda, in ya iso Bukuru ya koma wajen 240. Wannan ba ya damun V6, akwai rara. Amma akwai Highlander ta 2009 zuwa sama mai fulogi huɗu, lita 2.7, doki 187 (185 daga ta 2014). Cire mata kason tsauni, ka zuba mutum bakwai da buhun dankali biyu, nauyi ya haura tan 2, sannan ka ce ta wuce tanka a kan hawa. A titin filin jirgi na Abuja ba za ka gane bambancin sosai ba, sai ka baro Forest a hanyar Jos ka fara hawa. Man da kake ganin za ka tsimi ma ba wani mai yawa ba ne, tunda kullum ƙafarka na ƙasa. Na 2023 kuwa an mayar da su lita 2.4 mai turbo, doki 265, su tsauni bai cika rage musu ƙarfi ba, amma wannan sai mu bar wa 'yan Maitama.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, saboda dillalai sun ƙware. Ana ɗauko ta 2008 a canza mata fitilu da bamba a ce maka 2012 ce. Duba lambar nan mai harafi 17 da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka ƙirga zuwa na goma: 8 na nufin 2008, A 2010, C 2012, F 2015. Ka tabbata ita ce a jikin takardun kwastan. Tambarin V6 da ke bayan mota kuma da gam ake liƙa shi, buɗe bonet ka gani da idonka. Wasu suna juya maleji, wasu suna kashe fitilar gargaɗin inji don kada ta tona asiri, saboda haka murɗa makulli kafin ka tayar, ka ga ta kama tare da sauran fitilu sannan ta mutu. Ka sa a leƙa ƙarƙashi ko an fasa tukunyar salansa an kwashe abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙi. In ta 2008 ko 2009 ce ta burge ka saboda sauƙin kuɗi, a duba bututun baƙin mai na injin, na farkon akwai roba a jikinsa da kan tsage, ana musanya shi da na ƙarfe zalla.

Gwaji kuma kada ka yarda da zagayen cikin fili. Ɗauki mutum uku, kunna esi, ka nemi hawa, ka taka daga gudun 60 zuwa 100 ka ji ko giya na saukowa nan take ko tana jinkiri da fizga. Dillalin da ya ce mai ya yi tsada, zuba masa lita biyar daga aljihunka. In ka samu wadda ta kwanta maka, kira ni ranar Asabar in zo da bakanikena ya sa mata kwamfuta kafin ka biya ko sisi.