Ma'ajin fistol: aikin kafinta ya fi na kanti

A birnin Houston na Amurka nake zaune, fistol (ƙaramar bindiga) uku gare ni a cikin sef, wato akwatin ƙarfe mai makulli. Da farko na sayi ma'ajin fistol na wayar ƙarfe mai rufin roba a kanti. Wata biyu robar ta ɓare, ƙarfen ya karce mini fistol ɗina ƙirar Glock.

Sai wani kafinta maƙwabcina ya yanka katako, ya yi gurbi huɗu, tazarar inci biyu tsakaninsu, ya manna ƙyalle mai laushi. Kowace bindiga na tsaye, ba ta gugar 'yar'uwarta. Na so a sa soso, ya ce sam: soso na riƙe danshi, a laimar Houston kuwa tsatsa ba ta sallama. Aibin aikin ɗaya: sai da warin gam ya yi mako guda a cikin sef ɗin.