Tsohon sekstan na Freiberger: yana karɓar gyara, amma a fara duba haƙoransa

Cikin tsofaffin sekstan, wato na'urorin da matuƙa jirgin ruwa ke auna nisan rana da taurari daga layin da teku ya haɗu da sama da su, wannan da aka ƙera a garin Freiberg na tsohuwar Jamus ta Gabas yana cikin masu sauƙin farfaɗowa. Jikinsa na alminiyon ne, ba ya gajiyar da hannu kamar na tagulla. Sukurun da gangar awo ke juyawa, wanda ke bin haƙoran bakan da aka zana digirori a kansa, kuma a rufe yake, don haka gishiri bai cika kai masa ba.

Wannan rufin shi ne kuma matsalarsa. Giris ɗin ciki yakan daskare ya zama kamar ƙaro, gangar ta cije. Kada a murɗa ta da ƙarfi. A kwance, a wanke da kananzir da burushi mai laushi, a sa sabon giris ɗan kaɗan. Juyi ɗaya na ganga digiri ɗaya ne, wato minti 60, kuma kuskuren minti ɗaya mil ɗaya ne na teku. Datti ƙwaya ɗaya a tsakanin haƙora ya isa ya jawo hakan. In haƙoran sun lotse ko jikin ya tanƙware saboda faɗuwa, a haƙura da shi, ya zama na ado.

Sukurori suna ba da wahala. Inda wani ƙarfe ya zauna cikin alminiyon, ruwan gishiri ya shiga, sai farin gari ya taru su kafe. A ɗiga man sassauta tsatsa, a bar shi ya kwana, a nemo sukudireba daidai bakin. Gaggawa ce ke cinye kan sukuru.

Madubi biyun kan fara baƙi daga gefe, sauyawa ya fi. Gilasan tare hasken rana kuwa, wanda ya tsage ko ya koɗe a cire shi, ido ba shi da safaya.

Saitin madubai yana da tsari, wanda ya birkita shi zai yi ta zagaye. Babban madubi ne farko: a kai hannun da ke yawo a kan bakan wajen digiri 35, a leƙa ta gefe, bakan da hotonsa su haɗu ba karaya. Sai ƙaramin madubi, a sa hannun a kan sifiri, a dubi tauraro ɗaya; in ya fito biyu gefe da gefe, a juya sukurunsa. Kuskuren sifiri, wato awon ya ƙi nuna sifiri daidai lokacin da hotuna biyun suka haɗu, shi ne na ƙarshe, kuma taɓa shi yakan ɗan motsa saitin ƙaramin madubi na baya, sai a koma. A gwada da rana: a haɗa gefen hotunanta biyu ta sama, a sake ta ƙasa, a tara awon a raba huɗu. Ya kamata a samu kusan minti 16, wato rabin faɗin rana. Ragowar kuskuren da bai kai minti biyu ba, a rubuta shi a riƙa cirewa ko ƙarawa a lissafi, ya fi a yi ta murɗa sukuru har ya saki.