Dante's Inferno: duk mai kukan a fito da kashi na biyu ya koma ya sake buga ɗabaƙa ta takwas

Tun da wannan gem, da aka gina a kan kashin farko na Divine Comedy, waƙar Dante Alighieri da ke ratsa ɗabaƙoƙin Jahannama tara, ya fito a Fabrairun 2010 a PS3 da Xbox 360 ake ta musu kan ko ya cancanci ci gaba. Laifin ƙarshensa ne. Dante ya gama da Iblis, ya ɓullo a gindin dutsen tsarkakewa (Purgatory, inda kashi na biyu na waƙar ke gudana), ya yage jan ƙyallen nan mai siffar gicciye da ya ɗinke a ƙirjinsa, ƙyallen ya rikiɗa ya zama maciji, sai rubutu ya fito cewa za a ci gaba. Ba a ci gaba ba. EA, kamfanin da ya fitar da gem ɗin, ta rufe Visceral Games, waɗanda suka yi shi, a 2017. Ni dai ina ɓangaren masu cewa gara haka, kuma dalilina yana cikin gem ɗin kansa.

Farkonsa kam ba a magana. Ɗabaƙoƙi huɗu na farko sun biya kuɗinsu. Sarki Minos mai shinshina matattu yana yanke musu hukunci, hasumiyar Kiliyofatara da guguwa ke kewayawa, Cerberus, karen nan mai kai uku, da aka mai da shi tamkar hanji mai baki uku a ɗabaƙar masu haɗama, sai narkakken zinare a ta masu son dukiya inda Dante ke karawa da mahaifinsa. Faɗan yana gudu sumul, hoto 60 a daƙiƙa, lauje na kusa, gicciyen Beatrice, masoyiyar Dante, na nesa kuma ba ya cin komai, ka yi ta danna maɓallin da'ira har yatsa ya gaji. An ce kwaikwayon God of War ne. To, kwaikwayo ne, amma ya kwaikwaya da kyau.

Sai ka iso ɗabaƙa ta takwas, ta mayaudara. A waƙar asali nan ne mawaƙin ya fi baje kolinsa: ramuka goma, ya ba su babi 13 cur daga cikin 34 na kashin farko. Masu duba an murɗe musu kai yana kallon baya, hawayensu na zuba a gadon bayansu. Masu cin hanci suna nutso a tafasasshen kwalta, shaiɗanu na tsaye da ƙugiyoyi. Munafukai na tafiya cikin alkyabbar darma da aka shafe da ruwan zinare. Ɓarayi da macizai na musayar jiki. Duk wannan kaya a ajiye, sai dai a ɗauka.

Me gem ɗin ya yi da su? Dandamali guda, zagayayye, a cikin duhu, sau goma. Ka sauko, murya ta faɗa maka sunan ramin, a ba ka sharaɗi, a turo maka dodannin da ka riga ka kashe ɗaruruwansu a baya. Nan a ce ka haɗa sara 100 ba yankewa. Can a ce ka zauna a sama daƙiƙa takwas ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Gaba a ce ka tsare wasu bayin Allah kada a kashe su. Ka gama, ka sauka, ka tarar da wani dandamalin kamar an tsaga kara. Mene ne haɗin mai duba da tsalle a iska? Babu. Irin wannan gwaji a sauran gem ana ajiye shi ne a gefe, wanda ya gama labari ya je ya gwada hannunsa. Nan kuwa an dasa shi a tsakiyar hanya, ba ka isa wurin Iblis sai ka bi ta kansa. Ga kyamara a kafe, ba ka da ikon juya ta domin sandar dama ta kauce wa sara ce, sau da yawa abin da zai katse maka lissafin saran daga bayan allo yake fitowa. Wallahi abin takaici ne, gem na kusan awa takwas ya zo dab da ƙarshe ya zama aikin gayya.

To wanda dabara ta ƙare masa a Jahannama, inda kowane lungu akwai abin sara, me zai yi da dutsen tsarkakewa? Masu neman kashi na biyu su buɗe littafin su gani. Hawa bakwai ne, kuma mutanen da ke kai ba abokan gaba ba ne, tubabbu ne da ke ɗaukar horo da yardarsu. Masu girman kai na dakon duwatsu, masu hassada an ɗinke musu idanu da waya, masu fushi na cikin hayaƙi, malalata na gudu ba tsayawa. Suna waƙa, suna addu'a, suna roƙon a gaya wa danginsu na duniya su yi musu addu'a. Wa za ka sara da lauje a cikinsu? Abin da ya yi kama da faɗa a babi 33 na kashi na biyun waƙar kaɗan ne, kamar macijin da ya shigo kwari a babi na 8, shi ma mala'iku biyu ne suka kore shi, takubbansu ma ba su da tsini.

Sai dai a yi adalci, akwai abin da ke sa ni ja da baya. Gem ɗin yana da tsarin da ya dace da kashi na biyu fiye da na farko. Kana tarar da sanannun 'yan wuta a hanya, irin su Bilatus da Francesca, ka zaɓa: ka hukunta ko ka yafe. Hukunci na buɗe dabarun lauje, yafiya na buɗe na gicciye. A waƙar, yafe wa ɗan wuta ba shi da ma'ana, domin hukuncinsa ya riga ya tabbata. A kan dutsen kuwa komai a kan yafiya yake. Ga kuma dokoki da kamar don gem aka rubuta su: mala'ika ya zana harafin P bakwai, alamar zunubi, a goshin Dante da bakin takobi, kowane hawa a goge ɗaya, jiki ya ƙara sauƙi. Ba a hawa da dare ko taku ɗaya. Dutsen na girgiza duk lokacin da wani rai ya gama wankuwa. Mai basira zai fitar da gem na hawa da wasa ƙwaƙwalwa daga nan, mai kyau kuwa.

Amma da na tuna yadda yafiyar take a aikace, sai gwiwa ta sake sanyi. Ɗigo-ɗigo ke tahowa daga kusurwa huɗu, kana danna maɓalli idan sun iso tsakiya, shi ke nan. In ka tara duwatsun Beatrice guda uku ma an ɗauke maka wahalar. Kuma Beatrice ɗin da masu gem ɗin suka mayar abar ceto, tsirara rabin lokaci, ita ce a babi na 30 na kashi na biyun waƙar za ta tsaya ta wanke Dante tas har ya kasa ɗaga kai. Da wace fuska wadda aka ƙwato daga hannun Iblis za ta yi wannan? Sun ɗaure kansu tun ranar da suka mai da Dante, mawaƙin Florence, wanda aka haifa a 1265, sojan Salibiyya a Akka a 1191.

Ga mai niyyar saye: na manya ne, tsiraicin ɗabaƙa ta biyu ya wuce misali, ga jarirai masu wuƙaƙe a hannu da ake sa ka kashe a ta farko, kada a kunna shi a falo gaban yara. Waƙar asali ta ci zarafin Manzon Allah (SAW) a babi na 28 na kashin farko, gem ɗin bai ɗauko wannan ba, amma duk ginin nasa a kan aƙidar Kiristancin Turai na wancan zamani yake, kowa ya san abin da zai shiga. In ka samu faifan PS3 na hannu da araha, ko kana da Xbox One, wanda ke karɓar na 360, buga shi zuwa ƙarshen ɗabaƙa ta bakwai. Ta takwas kuwa ka shiga da cikakken sihiri, ka fara ƙarfafa gicciye kafin lauje, domin shi ne zai riƙe maka lissafin saran nan 100 idan dodanni suka watse.