Kafin ka ƙara wani nema a kan albashi: wace hanya ce ta dace da kai?

Mai albashi ya fi kowa sanin tsawon wata. Kuɗi ya shigo, a biya bashin da aka ci, a yi cefane, kafin a kai tsakiya aljihu ya fara sanyi. Daga nan tunanin neman wani abu a gefe yake zuwa, kuma da zarar ka furta shi a gaban mutane, shawarwari za su yi ta zubowa: wannan ya ce saye da sayarwa, wancan ya ce intanet, wani ya jawo ka gefe ya ce akwai wata harka da kuɗi ke haihuwa kana barci.

Abin da masu shawarar ba sa tambayarka shi ne me kake da rararsa. Duk wata hanyar ƙarin kuɗi tana cin ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: lokacinka, gwanintarka, jarinka, ko wata kadara da ka mallaka. Wanda ke tashi daga aiki da la'asar bai zama ɗaya da wanda ke dawowa gida bayan isha ba, haka wanda ya tara ɗan abin da zai juya bai zama ɗaya da wanda ke bin albashi da bashi ba. Ma'aunin da nake auna kowace hanya da shi guda ne: bayan ka cire duk abin da ka kashe, nawa ya rage maka a kan kowace awa da ka ba ta? Hanyoyi da yawa da ke da ƙyalli daga nesa, in aka ɗora su a kan wannan ma'auni sai ka ga ba nauyi.

Zan fara da sayar da abin da ka riga ka iya, domin a ganina ita ce ta fi dacewa da mafi yawan masu albashi. Malami ya koyar da yara darasi bayan makaranta, akanta ya riƙa daidaita wa ƙananan 'yan kasuwa lissafinsu a ƙarshen wata, mai jin harsuna biyu ya yi fassara, mai hannu a gyaran waya ko lantarki ko ɗinki ya karɓi jinga a ranakun hutu. Jarin da take nema kaɗan ne, wani lokaci ma babu, kuma in ba ta karɓe ka ba, lokaci kawai ka yi asara, ba ka bar bashi a baya ba. Kuɗinta kuma yana zuwa da wuri.

Aibinta biyu ne. Na farko, tana da rufi: awoyin da suka rage maka bayan aiki ƙididdigaggu ne, ranar da ka kwanta ciwo kuwa ba ko sisi. Hanya ɗaya ta ɗaga rufin ita ce ƙara farashi yayin da sunanka ke fita. Na biyu, abokan cinikinka na farko 'yan uwa ne da abokai, su ne kuma suka fi kowa wuyar biya. A nan kunya ce babbar mai cin riba. Faɗi farashi tun kafin ka taɓa aikin, ka karɓi kafin alƙalami ko da kashi ɗaya cikin uku ne, ka kuma fayyace sau nawa za ka yi gyara kyauta. Wanda ya ji haushin wannan sharaɗi, da ma ba mai biya ba ne.

Irin wannan aiki ana iya kai shi kasuwar intanet, inda dandali kamar Fiverr da Upwork ke haɗa mai gwaninta da mai bukata daga ko'ina a duniya. Amfanin a fili yake: kasuwar ta fi unguwarka faɗi, kuma dandalin yana riƙe kuɗin da mai bukata ya biya har a kammala aikin, don haka cinye haƙƙi ya ragu. Sai dai ba kyauta suke yi ba. Fiverr yana ɗaukar kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka, sabon mai sayarwa kuma sai ya jira kwana 14 bayan kammala aiki kafin ya iya cire kuɗinsa. A Upwork kuwa har neman aikin ma yana cin wasu tikiti da ake saye, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Ga kuɗin canji da na tura kuɗi zuwa bankinka. Wahalar da ta fi duka ita ce ta farawa: ba a ba wanda ba shi da shaidar aikin baya, shaidar kuma ba ta samuwa sai an ba ka aiki. Mutum na iya shafe makonni yana aika neman aiki shiru. Sannan tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, ƙananan ayyukan rubutu da fassarar gama-gari sun rage daraja, domin mai ba da aikin yana iya samun abin da zai lallaɓa da shi daga na'ura. Wanda ya ƙware a fanni guda, kamar fassarar takardun shari'a ko na asibiti, shi ne har yanzu ake nema da sunansa. Kafin ka buɗe shafi a kowane dandali, fara tabbatar da cewa yana da hanyar biyan kuɗi da ke aiki a ƙasar da kake zaune.

Saye da sayarwa ita ce hanyar da ta fi jan hankalin mutane, ita ce kuma aka fi yin kuskuren lissafi a cikinta. Ɗauki misali mai sauƙi. Ka saro kaya guda 10, kowane a kan 100, kana sayarwa 120. A takarda ribarka 200 ce. To, biyu suka yi kwantai, ko suka lalace, ko wani ya ɗauka bashi ya ɓace. Abin da ya shigo hannunka 960 ne a kan 1,000 da ka zuba. Ka faɗi, alhali ba a ma sa kuɗin mota da na waya da na kai kaya ba. Ƙaramar riba ba ta jure ƙaramin kuskure.

Shi ya sa abin dubawa a kasuwanci ba girman ribar da ke kan kaya ɗaya ba ne kawai, har da saurin juyawarsa. Kayan da ke barin riba kaɗan amma ya ƙare duk mako ya fi wanda ke da riba mai tsoka amma ya yi wata huɗu a ɗaki yana shan ƙura. Ga mai albashi da ba ya zaman shago, kayan da ba sa ruɓewa, ba sa tsufa da yayi, ba sa cin wuri, su ne daidai. Abinci da kayan marmari suna da ciniki, amma suna son mai tsayuwa a kansu kullum. Bashi kuwa shi ne kabarin ƙaramin jari, musamman in abokan aikinka ne masu saye, kowa na cewa sai an yi albashi. Ranar albashin kuma ka tarar kai ne na bakwai a layin masu binsa.

Akwai hanyar shiga kasuwa ba tare da ka daskarar da kuɗinka a kaya ba: ka karɓi oda da kuɗin mai saye tukuna, sannan ka saro. Ko ka yi dillanci, ka haɗa mai kaya da mai saye ka karɓi la'adarka. Ribar ta fi ƙanƙanta, amma kwantai ba naka ba ne. Abin da kake jinginarwa a nan sunanka ne, domin in kayan suka zo ba yadda aka nuna ba, kai mai saye ya sani, bai san wanda ya turo ba. Ina ganin duk mai sha'awar kasuwanci ya kamata ya fara ta nan na 'yan watanni, ya gane abin da mutane ke cewa suna so da abin da suke fitar da kuɗi su saya, don ba ɗaya ba ne.

Mai kadara kuma lissafinsa daban. Wanda ke da mota yana iya ɗaukar fasinja ta Uber ko Bolt da yamma da ƙarshen mako. Kuɗin yana shigowa a ranar, abin da ke sa mutum ya ɗauka yana samu sosai. Amma kamfanin zai cire kamashonsa, mai zai ci nasa, sannan akwai kashe-kashen da ba sa nuna kansu sai daga baya: taya, birki, juyen mai, da darajar motar da ke zubewa da kowace kilomita. Direba da yawa ba riba yake ci ba, motarsa yake sayarwa kaɗan-kaɗan bai sani ba. A ƙasashe da dama kuma inshorar motar gida ba ta ɗaukar hatsarin da ya faru ana ɗaukar fasinja don kuɗi. In za ka yi, ware wani kaso na kowace rana don gyara kafin ka kira sauran riba. Ba da hayar ɗaki ko kayan aiki, irin su kyamara, janareta ko kujerun taro, ya fi sauƙi a jiki, sai dai yana son rubutacciyar yarjejeniya da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Hayar kwana-kwana ta Airbnb kuwa doka na iya tare ta: a Landan ba a yarda a ba da gida sukutum fiye da dare 90 a shekara ba sai da izini, birnin New York kuma ya tsaurara nasa sharuɗɗan a 2023. Wanda shi ma haya yake zaune, ya fara duba ko yarjejeniyarsa ta ba shi damar saka wani.

YouTube da makamantansa ba zan daɗe a kansu ba. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo, hanyar da aka fi sani ita ce ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In ka kai, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan ne naka, kuma ba a turo maka sai ya taru ya kai dala 100. Wannan shuka ce ta mai haƙuri, wanda zai yi abin ko ba a biya shi ba. Mai neman abin da zai cike giɓin wata mai zuwa ya nemi wata ƙofar.

Sai kuma harkokin da ake tallata su da cewa kuɗinka ne zai yi maka aiki. A nan ya kamata a rarrabe. Cinikin canjin kuɗaɗe ta intanet halastacce ne a wurare da yawa, amma ba ƙarin albashi ba ne. A 2018 hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, har ta wajabta wa kamfanonin rubuta gargaɗin a tallansu. Kuɗin kirifto ma haka yake hawa da sauka: Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya faɗo zuwa wajen 16,000. Wanda ya zuba kuɗin hayar gida a lokacin ya ji a jikinsa.

Waɗanda ke alkawarin riba tsayayya mai yawa cikin ɗan lokaci kuwa, tsohon zance ne da ake sauya wa riga. A 1920 Charles Ponzi ya yi wa mutanen Boston alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya, har abin ya rushe cikin shekarar. Bernard Madoff, wani mai juya wa mutane kuɗi a Amurka, ya yi irinsa shekara da shekaru kafin asirinsa ya tonu a 2008, aka yanke masa ɗaurin shekara 150. Dalilin da ya sa abin ke kama mutane shi ne na farko ana biyansu da gaske, su kuma su jawo 'yan uwansu da zuciya ɗaya. Ɗan uwan wannan shi ne tsarin "kawo mutum shida, su ma kowa ya kawo shida". Yi lissafin da kanka: a mataki na 13 ana bukatar mutum fiye da biliyan 13, duniya kuwa gaba ɗayanta ba ta daɗe da haura biliyan 8 ba. Tambaya ɗaya ta isa ta warware maka: in aka daina shigo da sababbin mutane yau, daga ina kuɗin zai fito? Haka duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In aka jera su, ga yadda nake gani. Marar jari mai gwaninta ya fara da jinga a kusa da shi, in ya tara shaidar aiki ya gwada intanet. Mai ɗan jari marar lokaci ya fara da oda ko dillanci kafin ya cika ɗaki da kaya. Mai mota ya gwada wata guda yana rubuta kilomita da mai da awoyi, sannan ya yanke hukunci da alƙalami. Kowanne ka zaɓa, ɗaya tak ka ɗauka da farko, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku ga wanda ya riga ya ba wani awa takwas na yininsa. Ka buɗe masa asusu daban, domin kuɗin gefe da ya gauraya da albashi ba a sanin ya yi riba ko bai yi ba.

Saura aikin da ke ciyar da kai yanzu. Ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta: wasu wuraren sun hana yin wani aiki sai da izini, wasu sun hana wanda ya yi kama da nasu kaɗai, ma'aikatan gwamnati kuma a ƙasashe da yawa suna da dokoki na musamman a kan haka. Kada ka yi aikin gefe da kwamfutar ofis ko a lokacin ofis, kada kuma ka janye abokan cinikin mai gidanka. Haraji ma yana nan: a yawancin ƙasashe kuɗin da ka samu a gefe kuɗin shiga ne, kuma tunda ba a cire shi daga tushe kamar na albashi, kai ne za ka bayyana shi. Ajiye rasit na duk abin da ka saya don aikin, ka riƙa ware wani kaso daga kowane biya tun ranar da ya shigo.