Sayen Mota ko Motar Haɗaka a Landan: Amsa ga Ɗan'uwanmu Sabon Zuwa

Assalamu alaikum. Malam, barka da zuwa, Allah ya sa albarka a wannan zama. Na karanta tambayarka, inda ka ce wata huɗu ke nan da ka tare a wani gidan bene a gabashin Landan, kai da uwargida da yara biyu ƙanana, jirgin ƙasa kake shiga zuwa wurin aiki, kuma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin sayen ƙaramar mota ta hannu ka riƙa ajiye ta a bakin titi, tunda gidan ba shi da gareji, da kuma yin rajista da kamfanonin nan masu ba da mota awa-awa, waɗanda mutanen nan suke kira kulob ɗin mota, ni kuwa zan kira su motar haɗaka. Na ɗanɗana duka biyun, domin na riƙe motar kaina shekara shida a wannan gari kafin na sayar da ita na koma haɗaka, saboda haka abin da zan faɗa maka daga gani ne, ba daga ji ba.

A Kano ko Kaduna, idan mutum zai sayi mota, abin da yake lissafawa shi ne kuɗinta da na mai da na bakanike, wurin kwananta kuwa ƙofar gida ce, babu mai tambayarsa. A Landan lissafin a juye yake. Tsohuwar mota mai lafiya ba ta da tsada sosai, amma ɗan filin da za ta tsaya a kai da dare shi ne abin da ake rububi, kuma a kansa ya kamata ka gina shawararka tun kafin ka leƙa kasuwar motoci.

Titunan unguwanni ba a hannun magajin gari suke ba. An raba Landan zuwa ƙananan hukumomi 32, ban da tsohon birnin da ke tsakiya, kuma kowacce ita take tsara dokar fakin a yankinta, ita take yanka farashi, ita take cin tara. A mafi yawan unguwannin da ke kusa da tsakiyar gari ko kusa da tashar jirgi, an keɓe gefen titi ga mazauna a wasu sa'o'i da aka rubuta a allo, kuma ba ka da ikon tsayawa a wurin sai ka sayi izinin fakin na shekara daga ƙaramar hukumarka. Farashin izinin ya bambanta ƙwarai daga wannan hukuma zuwa waccan, kuma da yawansu, irin su Islington da Hackney da Camden, suna lissafa shi ne bisa yawan hayaƙin da motar take fitarwa, sannan su ƙara wani abu a kan mai amfani da dizal. Abin da sabon zuwa bai cika ganewa da wuri ba shi ne izinin nan damar neman wuri kawai yake ba ka, ba wurin ba. Idan ka dawo ƙarfe tara na dare maƙwabta sun riga ka, sai ka yi ta zagaye har ka samu gurbi titi biyu ko uku daga gida, ka ɗauko yara masu barci da kayan cefane a cikin sanyi. Izinin kuma na ɗan yankinku ne kaɗai, da ka tsallaka wata unguwa ka koma baƙo, sai ka biya kuɗin awa.

Akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci a gare ka, tunda ka ce a bene kake. Gidaje masu hawa da yawa da aka gina a shekarun baya-bayan nan, an ba maginansu izinin gini ne bisa sharaɗin cewa mazaunansu ba za su taɓa samun izinin fakin a titi ba. Sharaɗin yana bin adireshin ne, ba mutumin ba, kuma dillalin da ya ba ka haya ba lallai ne ya ja hankalinka a kansa ba. Na san iyalin da suka sayi mota, suka biya inshorar shekara, sannan suka je neman izini aka ce musu gidansu yana cikin irin waɗannan gidaje. Daga ƙarshe sai hayar wurin ajiya suka kama a wani gini mai nisa, suna biya kowane wata.

Sai batun tara, wadda mai ajiye mota a titi yake kwana yana tashi da fargabarta. Layi ɗaya ruwan ɗorawa a gefen titi yana hana tsayawa a wasu lokuta, layi biyu yana hanawa a kowane lokaci, jan layi kuwa na manyan hanyoyin da hukumar sufurin Landan, TfL, take kula da su ne, kuma kyamara ce take kama mai laifi a can. Hawa daɓen masu tafiya a ƙasa da tayar mota, wanda muka saba yi a gida don a ba wasu hanya, haramun ne a Landan tun 1974, sai inda aka sa alamar yarda. Babbar tara tana kai fam 160, ana rage rabi idan an biya cikin kwana 14. Ni tawa ta same ni ne a hanyar da ban zata ba. Na tafi gida ta'aziyya na yi mako uku, na bar motar a gurbin da nake da cikakken izini a kansa, a bayana aka kafa sanarwar dakatar da fakin a wurin saboda aikin gyara, na dawo na tarar da takardun tara a gilashi. Mu da muke zuwa gida hutun Sallah ko biki ko rasuwa mu yi makonni, dole ne mu sa wannan a lissafi: motar da ke titi tana buƙatar wanda zai riƙa leƙa ta, da makulli a hannunsa.

Ko da motar ba ta motsa ba, tana cin kuɗi. Muddin a kan titin gwamnati take, doka ta wajabta a biya mata harajin hanya da inshora ba yankewa, kuma idan ta wuce shekara uku da fitowa sai an kai ta gwajin lafiya na shekara-shekara da ake kira MOT. Inshora ce ta fi yi wa sabon zuwa nauyi, domin kamfanoni suna duba tarihin tuƙin mutum a ƙasar nan, kuma shekarun da ka yi kana tuƙi a Najeriya ba kasafai suke yi maka rangwame a kansu ba. Ba abin mamaki ba ne kuɗin inshorar shekarar farko ya kusa kamo kuɗin motar ita kanta. Daga nan sai kuɗin hayaƙi na ULEZ, wanda aka fara a tsakiyar gari a 2019, aka kuma faɗaɗa shi zuwa dukan ƙananan hukumomin Landan ranar 29 ga Agustan 2023. Motar da ba ta cika ma'auninsa ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da aka tuƙa ta. Galibin motocin fetur daga 2006 zuwa yau sun cika ma'aunin, amma na dizal sai waɗanda aka yi wa rajista daga wajen Satumbar 2015. Shi ya sa za ka ga tsofaffin motocin dizal masu kyan gani ana sayar da su a wulaƙance, kuma a nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado take tabbata. Idan kuma za ka shiga tsakiyar gari da rana, akwai kuɗin cunkoso, wanda aka fara da fam 5 a Fabrairun 2003 zamanin magajin gari Ken Livingstone, ya kai fam 15 a 2020, ya koma fam 18 a Janairun 2026.

Motar haɗaka tana sauke maka mafi yawan wannan kaya. Za ka yi rajista, a tantance lasisinka, ka kama mota ta manhajar waya na awa ɗaya ko uku ko yini guda, ka je inda take ka buɗe ta da wayar ko da kati. A tsarin da aka fi sani, kuɗin awa ya haɗa da inshora da haraji da gyara, mai kuma ko dai yana ciki har zuwa wani adadin mil, ko kuma a caje ka gwargwadon nisan da ka yi. Babbar falalarta a wurina ita ce gurbinta. Motar tana da wurinta na musamman da aka zana a gefen titi, an rubuta cewa na kulob ne, babu mai shiga, don haka ko ƙarfe nawa ka dawo za ka mayar da ita ka wuce gida. Ba ruwanka da izinin shekara, ba ruwanka da sanarwar dakatarwa, idan ka tafi gida wata guda ba ka bar komai a titi ba. Ga wanda zai je Peckham ko kasuwar Ridley Road ya ɗauko buhun shinkafa da jarkar manja sau biyu a wata, ko ya kai iyali ziyara ranar Lahadi, abin da zai kashe a shekara ba zai kusanci abin da mai mota yake kashewa ba. Kada ka ɗauka kuma rashin mota wani naƙasu ne a nan, domin ƙidayar 2021 ta nuna kusan gidaje 42 cikin 100 a Landan ba su da mota.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, kuma ina so ka san inda yake gazawa, musamman da yake kana da yara. Doka ta ce yaro sai ya zauna a kujerar yara har ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135, motocin haɗaka kuwa galibi ba sa zuwa da ita. Ke nan duk fita sai ka ɗauki kujeru biyu daga bene zuwa inda motar take, ka ɗaura, ka dawo ka kwance. Idan tafiyar minti uku ce, ana jurewa. Idan ta kai minti goma sha biyar, bayan wata biyu uwargida za ta ce gara bas. Sannan a lokacin da kowa yake son mota, kamar safiyar Asabar ko ranar hutu mai rana, sai ka tarar an riga an kama. Idan kana son ta ranar Idi, ka kama tun kwanaki kafin ranar. Agogo kuma ba ya tsayawa don motar ta tsaya: idan ka je walima ka zauna awa shida, awa shidan nan duk za ka biya, kuma fakin a can inda ka je a wuyanka yake, haka ma tarar da aka ci motar a hannunka. Idan ka makara wajen mayarwa akwai tara, mu kuwa mun san yadda sallama take ɗaukar lokaci a taronmu. Ka saba da ɗaukar hoton motar ta kowane gefe kafin ka tayar da ita, domin idan aka ga ƙwarzane bayanka ba ka kai rahoto ba, kai za a nema da kason da inshora ba ta biya. Tafiya mai nisa ta kwana biyu ko uku, kamar Birmingham ko Manchesta, yawanci ta fi sauƙi a wurin kamfanin hayar mota na yau da kullum ko a jirgin ƙasa.

Gazawar da ta fi damuna ita ce kamfanin kansa yana iya tattara kayansa. DriveNow, wanda ake ɗaukar motarsa a nan a ajiye a can, ya bar Landan a Fabrairun 2020, kuma daga cikin dalilan da ya bayar akwai tsadar aiki da bambancin sharuɗɗa tsakanin ƙananan hukumomi, wato matsalar fakin da take damun mai mota ita ce ta dami kamfanin. Zipcar, wanda aka kafa a Amurka a 2000, ya sayi Streetcar na Landan a 2010, ya zama mafi girma a garin nan, shi ma a Disambar 2025 ya sanar da cewa zai rufe harkarsa a Birtaniya. Mutane da yawa da suka sayar da motocinsu saboda dogaro da shi sun shiga damuwa, ni ma ina cikinsu. Akwai sauran kamfanoni, kamar Enterprise Car Club da Co Wheels, da kuma manhajojin da maƙwabci yake ba da hayar motarsa ta cikinsu, irin su Hiyacar, amma yawan motocinsu ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Don haka kada ka yi aiki da labarin wanda ya ji daɗin haɗaka shekara uku da suka wuce, ka buɗe taswirar kamfanonin yau ka ga abin da ke kusa da ƙofarka.

Batun lasisi ya shafi hanyoyin biyu. Lasisin Najeriya yana yi maka aiki na wata 12 kacal daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye, sai ka nemi na koyo, ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Wata takwas suka rage maka, layin jarrabawar tuƙi a Landan kuwa yana da tsawo. Idan wa'adin ya cika ba ka ci ba, mai haɗaka zai dakata ne kawai, mai mota kuwa zai ci gaba da biyan inshora da haraji da izini a kan motar da ba shi da ikon tuƙawa shi kaɗai.

Da ni ne a matsayinka, ba zan sayi mota a wannan shekarar ta farko ba. Aikinka a jirgi kake zuwa, buƙatarka ta ƙarshen mako ce, lasisinka na wucin gadi ne, ba ka kuma tabbatar gidanka yana da haƙƙin izini ba. Hukuncin zai canza idan kai ko uwargida kuka samu aikin dare ko aikin kula da tsofaffi gida-gida, inda ake buƙatar mota kullum a lokutan da jirgi ya yi ƙaranci, ko kuka koma unguwannin gefen gari irin su Dagenham ko Bexley, inda gidaje da yawa suke da fili a gaba, motocin haɗaka kuma suke da wuyar samu. A can motar kai ta fi, ba tantama.

Kafin nan, ka shiga shafin ƙaramar hukumarku ka sa adireshinka ka ga ko ana ba shi izini da kuma nawa ne, sannan ka fita da ƙafa wajen ƙarfe tara na dare a ranar aiki ka ƙirga guraben da babu kowa a titinku. Ka auna tafiyar da ke tsakanin ƙofarka da motar haɗaka mafi kusa, kana tunanin kujerun yara biyu a hannunka. Ka riƙe littafi na wata uku kana rubuta duk ranar da ka buƙaci mota da abin da ka kashe, ko a haɗaka ko a tasi. Idan ka faɗa mini sunan ƙaramar hukumarku, in sha Allahu zan duba maka sharuɗɗan izininsu mu yi lissafin tare. A gaida uwargida da yara.