GitHub ko Gerrit: wanne ya dace da matasan Maraɗi?

In kuna haɗa manhaja ta kyauta da kowa zai sa hannu, dole a riƙa duba aikin juna kafin a haɗe shi. GitHub da Gerrit dandamali ne da ake yin wannan dubawar a kansu.

Gerrit, wanda aka ƙirƙira a Google saboda Android, ba ya wasa: kowane gyara ana duba shi shi kaɗai, kuma a al'ada sai wani ya ba shi +2, wato makin amincewa, kafin ya shiga. Tarihin aiki yakan fita tsaf. Amma galibi sai kun tanadi sabarku, wato kwamfutar da zai zauna a kai, kun kula da ita, ga ɗaukewar wuta lokacin zafi.

GitHub kuwa na Microsoft ne tun 2018, kyauta ga buɗaɗɗen aiki, ko a waya ana duba gyara. Ga ƴan jami'a huɗu ko biyar, shi zan zaɓa.