Tsoka zalla ko mai kitse: wanne ya fi?

Hajiya, kin ce likita ya hana maigida kitse, kin koma sayen tsoka zalla, amma kullum sai ta fito da tauri kamar ana tauna igiya, har kin fara zargin ko mai kitsen ne ya fi amfani a jiki. To bari in jera miki su biyun.

Wajen gina jiki, tsoka ce a gaba. Giram 100 na dafaffiyar tsoka yana ba da furotin wajen giram 26 zuwa 30, kitsen da ke ciki kuma bai kai giram 10 ba. Tozo da ƙirji kuwa kitse ya mamaye wurin da tsoka za ta zauna, ga shi giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na furotin kuwa 4. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin B12 a jan naman suke, ba a farin ba. Kuma jiki ya fi iya zuƙar ƙarfen nama a kan na wake ko alayyafo, kuma shan shayi a kan abinci yana ƙara rage zuƙar na wake da alayyafon. Ko ta fuskar kuɗi, idan mahauci ya haɗa miki da kitse a kilo, rabonsa narkewa a tukunya.

Wajen daɗi fa, gaskiya mai kitse ya yi gaba, ba zan ɓoye miki ba. Yana kuma rufa wa mai girki asiri: ko kin manta shi a wuta, kitsen zai hana shi bushewa. Tsoka ba ta da wannan haƙurin. Hanya biyu kawai ta sani, ko ta sha wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, ko ta daɗe a wuta kaɗan cikin ruwa. Tsakanin biyun nan taurin yake, kuma ina kyautata zaton nan kike tsayawa: tafasa mai ƙarfi na rabin awa, sai a sauke.

Naman gadon baya shi ne na sauri. A yanka shi fale-fale, a gicciye zaren naman, kada a bi tsawonsa, kamar yadda masu tsire suke yi. Amma a tabbata cikinsa ya nuna, don ɗanyen naman shanu ne ke kawo tsila. Cinya da ƙauri kuwa na dahuwa ne. Ki sa albasa da citta da tafarnuwa, ki rage wuta, ki rufe, ki ba su awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Jijiyar ce za ta narke ta ba romon kauri. Idan tsohon sa ne, ki naɗe naman a ganyen gwanda na ɗan lokaci kafin girki. Ni dai ba na jefa kanwa, tana canja mini ɗanɗanon romo.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adarmu ta dafa nama sannan a tsoma shi a mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kitse ne kusan giram 14. Ashe kitsen da kika baro wurin mahauci ya biyo ki ta kwalba. Ga maigida, farfesu ko gashi, a kwashe man da ya taso saman romo.

Kilishi tsoka ne, amma idan har da hawan jini, gishiri da dunƙulen da ke cikinsa abin lura ne. Yawan ma da iyaka: masu binciken cutar daji suna ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Sauran ranakun ki cike da kifi da kaza da wake. Allah Ya ƙara masa lafiya.